Sunan da ke Bayan Ambulan

Allah ya jiƙan Maharazu tela na Tafoki. An kai shi makwancinsa washegarin ruwan shuka, ƙasa da taushi, masu haƙa ba su wahala ba, kamar yadda shi ma bai taɓa wahalar da kowa ba yana raye. Yaran yanzu sun san shi tsoho ne mai rawar hannu, zaune gefen keken ɗinkin da ya daina juyawa. Ba su san an yi zamanin da duk maganar da za ta fita daga garin nan zuwa duniya sai ta bi ta hannun nan ba.

A shekarun da arzikin man fetur ya buɗe ne. Samari suka riƙa jingine fartanya suna hawa mota, wasu Kaduna, wasu Ikko, wasu can Warri inda ake shimfiɗa bututun mai. Tafoki ba gidan waya, sai an je Funtuwa. Mutumin ƙauye kuma ba shi da adireshi, in ba ka ce gidan da ke bayan tsamiya ba. Maharazu ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana rubuta boko a hankali, harshe a waje kamar mai saka zare a allura. Da yake yana zuwa Funtuwa sayen yadi da zare, sai ya kama akwati a gidan waya saboda masu aiko masa da kaya. Ba a daɗe ba akwatin ya zama na gari duka, har da mutanen Ruwan Godiya, har wasu daga wajen Sabuwa da suka ji labari.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum ya zo rumfarsa ya tsuguna ya faɗi saƙonsa, shi kuma ya ɗage ƙafa daga kan keke ya rubuta. Saƙonnin da za su wuri ɗaya sai ya jera su a takarda ɗaya, ya sa a ambulan, ya lashi kan sarki ya manna, ya danne da babban yatsa har sai farcensa ya yi fari. A bayan ambulan kuma sunansa ne da lambar akwatinsa, ko saƙon na wane ne. Duniya ba ta san Tafoki ba, Maharazu ta sani. Amsa ma shi take nema, shi ya buɗe, shi ya kai wa mai ita. Can Warri akwai irinsa, Malam Zailani mutumin Kankara, mai gadin ƙofar kamfani. Ta hannunsa ake aika wasiƙun leburorin wajenmu, shi ke tara su a gindin bishiya in an tashi aiki ya karanta da ƙarfi, kowa ya ji nasa.

Direban da ke kai wasiƙun Funtuwa shi ne Gide mai motar auduga, taubashin Maharazu, wanda ba ya buɗe baki sai da tsiya. Sarkin Waya yake kiransa. In ya karɓi ƙunshin wasiƙun sai ya jefa shi bisa kujera da gangan, ya ce in taya ta fashe da shi zai yi faci. Maharazu ya san wasa ne, amma duk da haka sai ya bi motar da sauri har bakin hanya yana cewa a sa a ƙarƙashin kujera kada ruwa ya taɓa. Haka Allah ya yi shi, mai fargaba. In wasiƙa ta tafi, ba ya samun natsuwa sai amsarta ta dawo. Matarsa Suwaibatu takan ce rabin tuwonsa tunanin mutanen Warri ke cinye shi.

Abu ɗaya ne bai taɓa yin wasa da shi ba: abin da aka faɗa a rumfarsa, da sunan wanda ya ce a sakaya shi. Audi na unguwar Maguzawa kan zo ya aika wa ɗansa zagi a kan ya bar shi da noma, ya ce a rubuta yadda ya faɗa, kada a sa masa gishiri, kuma da sunansa. Wasu kuma ba sa so a san su ne. Wanda ya ce a ɓoye shi, Maharazu sai ya rubuta maganar kamar daga bakinsa ta fito.

Cikin masu ɓoyewar akwai Goggo Kulu.

Goggo Kulu mijinta ya rasu ya bar ta da gandu da 'ya'ya. Tanimu shi ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce, mai riƙe kunyar ɗan fari yadda aka gada. Ba ta taɓa kama sunansa ba. A ɗakin kakarsa ya tashi. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta ce wa ƙanwarsa Indo ta kai wa wancan. In ya yi zazzaɓi takan kwana zaune, amma a bayan zana, inda ba zai gan ta ba. Shekarar da uban ya rasu, ana tsakiyar noman fari, Tanimu ya ce zai bi 'yan uwansa Warri, ya bar gandun a wuyan ƙanensa Mani. Gari ya yi ta magana. Ranar da ya zo sallama Goggo tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya kamar da rariyar take magana. Shi kuwa ya tafi bai san ko kunya ce ko fushi ba.

Bayan tafiyarsa sai ga ta a rumfar Maharazu, wai ta kawo ɗinkin ɗankwali. Ta zauna nesa kaɗan, ta juya gefe, ta yi ta zancen tsadar gishiri. Can ta ce ta ji an ce ƙasar can ruwa ba ya ɗaukewa, in Malam zai rubuta wa mutanen can, ya ce wa yaron nan ya riƙa rufe ƙirjinsa, tun yana ƙarami sanyi ke kama shi a nan. Maharazu ya ɗauki alƙalami ya tambaya ko ya ce inji ta.

"A'a, Malam. Ka ce kai ka hwaɗi."

Haka aka yi ta yi. Duk tafiyar Gide akwai layin Tanimu a takardar Warri: ya riƙa rufe ƙirji, kada ya ci abin da bai san wanda ya yanka ba, kada ya shiga ruwan da bai ga ƙasansa ba, ya riƙe salla. Duka da sunan Maharazu. Tanimu yana amsawa ta bakin Malam Zailani, yana godiya, yana mamakin yadda tela ya damu da shi haka alhali ko riga bai taɓa ɗinka masa ba. In amsa ta zo, Goggo kan zo karɓar ɗankwalin da ba ya ƙarewa, Maharazu ya karanta yana kallon keke, ita tana kallon hanya. In ya gama ta ce to, ta tashi. Amma ya lura ranar tafiyarta takan fi sauri.

A shekara ta biyu wata amsa ta zo da ta sa shi ya ajiye almakashi. Tanimu ya ce Allah ya saka wa Malam da alheri, a duk Tafoki shi kaɗai ya san yana raye. Uban kowa da uwar kowa suna aiko da gaisuwa ana karantawa gaban jama'a, shi kuwa wadda ta haife shi ko sau ɗaya. Ya gane har yanzu ba ta yafe masa barin gandu ba, kuma ba ya ganin laifinta.

Da Goggo ta zo, Maharazu ya karanta mata farkon, inda yaron ya ce yana lafiya, ya tsallake sauran. Sai a lokacin ya ga abin da sunansa ya yi. Shi ya ɗauka inuwa yake yi wa matar, ashe ya tsaya ne tsakaninta da ɗanta har yaron ba ya hango ta. Ya rubuta wa Tanimu cewa kada ya yi wa mahaifiyarsa mummunan zato, kowa ya san halin manya da 'ya'yan fari. Amsa ta zo gajera: ya san kunya, amma kunya ba ta hana a ce wa Indo ta aiko da gaisuwa, Malam ya daina wahalar da kansa wajen rufa mata. Daga nan layin Tanimu ya ɓace daga takardun Warri. Kowa ya amsa, ban da shi.

Ana cikin damina Abdulƙarim na Ruwan Godiya ya dawo daga can da ciwon ƙafa. Ya biyo ta rumfa ya gaida Maharazu, a cikin hira ya ce aikin da ke kusa da gari ya kusa ƙarewa, kamfani zai kwashi masu so ya shiga da su can cikin ruwa, inda sai da jirgi ake zuwa, ba gidan waya, ba Malam Zailani. Waɗanda suka shiga a baya wasu sun yi aure can, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yawancin 'yan wajenmu sun ce gida za su dawo da kaka. Tanimu kuwa shi ya fara ba da sunansa, ya ce shi ba wanda ke jiransa. Da damina ta ja baya za a tafi.

Maharazu bai iya ƙarasa wuyan rigar da ke kan keke ba. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya nufi gidan Goggo Kulu. Ya yi sallama ta fito zaure, ya gaya mata duka, har da layin da ya tsallake. Ya roƙe ta ta bar shi ya sa sunanta sau ɗaya tak, kalma biyu, Kulu na gaisuwa, shi ke nan.

Ta ce ai ba a ɓoye ake karantawa ba, a gindin bishiya ne, gaban ɗiyan Audi da ɗiyan kowa. Kafin kaka labari ya dawo Tafoki cewa Kulu ta tsufa ta zubar da kunya, tana aika wa ɗan fari takarda kamar budurwa. Uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. Ko ta bakin Indo ne, kowa ya san daga inda ya fito.

"Goggo, in ya shiga ruwan nan ba lalle ki sake ganin shi ba."

"Na ji, Malam."

"To mi zan rubuta?"

"Abin da ka saba."

Ta shige gida. Ya ji ta ɗauki taɓarya, ya ji dakan ba ya tafiya daidai.

Kwanakin da suka biyo, Allah kaɗai ya san yadda Maharazu ya yi su. Alƙalami na hannunsa, ba mai hana shi. Ya rubuta sunan nata ma a wata takarda, ya zauna yana kallon sa, sannan ya yayyage ya zuba a murhun mai shayi. Ya san in ya aika, Malam Zailani zai karanta da ƙarfi yadda ya saba, don shi ba ya tsallake layi. Ya san kuma daga ranar ba tsohuwar da za ta sake tsugunawa a rumfarsa, kuma akwai da yawa irin Goggo da ba su da wata ƙofa sai shi. In kuma ya yi shiru, yaro ya tafi da zaton uwarsa ta sallama shi, kuma da hannun Maharazu aka gina zaton. Suwaibatu ta gaji da ɗauke kwano yadda ta ajiye shi. Ya ɗinka wa wani hannun riga a baibai, mai rigar ya yi ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

Ana gobe Gide zai tafi Funtuwa sai ga Goggo Kulu da wani ƙunshi. Ta kwance, wani tsohon majanyi ne na saƙi, baƙi da ratsin ja, ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga. Da shi ta goyi 'ya'yanta duka, har Indo ta auta. Ta ce gefensa ya zare, Malam ya datse mata ya kalmashe, jika na tafe.

Maharazu ya juya majanyin. Gefen bai wani zare ba. Ya dube ta, tana kallon hanya. Ya sa almakashi ya yanke tsawon tafin hannu inda ratsin jan yake, ya tambaye ta ƙyallen fa, ko ta tafi da shi.

"Mi zan yi da tsumma? Ka yar, ko ka yi yadda ka ga dama da shi."

Ta karɓi majanyinta ko kalmasar ba ta jira ba.

Ya ninke ƙyallen a cikin wata 'yar takarda dabam, ya ɗinke bakinta da zare don kada a buɗe a gindin bishiya, ya rubuta sunan Tanimu a kai, a ba shi a hannu. A babbar takarda kuma, inda layin Tanimu yake, bai sa zancen ƙirji ko na ruwa ba. Ya rubuta: abin da ke cikin ƙunshin nan ba nawa ba ne, haka duk abin da na taɓa gaya maka. Ni hanya ce kawai.

Da ya manne ambulan sai wata fargabar ta taso. Yaron da aka goya da majanyi ai ba ya ganin majanyin. Sai dai in ya tuna shi a bayan uwar lokacin goyon Mani ko Indo. In ya buɗe ya ga tsumma ya ce tela ya fara ruɗewa fa? Maza ba su cika lura da zane ba, shi da yake tela ya fi kowa sani.

Washegari kuma Gide bai zo ba. Aka ce ruwan da aka kwana ana yi ya cinye hanya, motarsa ta kafe da kaya tun wajen Sabuwa, sai an samu wata ta ja ta. Maharazu ya naɗe ambulan a leda, ya sa a cikin hula, ya ɗaure hular da rawani, ya ari keken hawa na maƙwabcinsa. Inda taɓo ya yi yawa ya saɓa keken a kafaɗa. A rafi ruwa ya kai masa ƙirji, ya ratsa da hannu ɗaya a kan hula. Ya isa Funtuwa an kusa rufe gidan waya, ma'aikacin ya ɗaga ambulan ya ce ya yi nauyi, sai an ƙara kan sarki. Ya ƙara, ya danne da yatsa, ya jefa a ramin akwatin wasiƙu da kansa, ya tsaya har ya ji faɗuwarsa a ciki. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba sai bayan girbi.

Sai jira. Gide, da motarsa ta fito, ya ji labari ya ce Sarkin Waya ya koma jaki, ya ci amanar masu mota. Amma duk dawowarsa daga Funtuwa, tun kafin ya kashe mota yakan girgiza kai daga taga, don ya san abin da ake tsaye ana jira. Takardar Warri ta zo sau ɗaya, Malam Zailani ya ce an ba Tanimu ƙunshinsa, ya karɓa ya tashi daga wurin, bai ba da amsa ba. Maharazu ya karanta layin ya fi a ƙirga yana neman abin da ba a rubuta ba. Goggo ta daina kawo ɗinki. Takan wuce ta gaban rumfa da tulu, ta gaishe shi, ya amsa, ba mai tambayar wani. Ta rame har zanenta na zagaye ta fiye da da. Ruwa ya fara ja baya. Gero ya nuna, aka shiga yanka. Duk ranar da gari ya waye ba hadari, Maharazu sai ya tuna tafiyar su Tanimu ta matso, don ya san can ma sama ɗaya ce.

Wata rana da hantsi yana ɗinkin buhunan auduga, motar Gide ta tsaya a bakin hanya tana hon ba ƙaƙƙautawa. Maharazu ya fito da zare a baki. Gide bai girgiza kai ba, bai kuma miƙo ƙunshi ba. Ya leƙo ya ce yau wasiƙar Sarkin Waya ta fi ƙarfin ambulan, ya zo ya sauke kayansa da kansa, kuma ba a manna mata kan sarki ba.

Daga bayan mota wani dogon saurayi ya diro da akwatin ƙarfe, ya yi baƙi ya yi faɗi. Ya zo ya durƙusa gaban Maharazu ya gaishe shi. Bai ce komai a kan ƙunshin ba. Amma da ya sunkuya, layar da ke wuyansa ta fito daga riga, an naɗe ta da baƙin saƙi mai ratsin ja. Maharazu ya zauna a kan buhu.

Tanimu ya ce ba zai iya shiga gida shi kaɗai ba, Malam ya raka shi. Suka tafi, Maharazu a gaba yana tari, jama'a na fitowa daga zauruka. Suka yi sallama. Goggo Kulu tana tsakar gida tana sheƙar gero. Ta ɗago sau ɗaya, ta ga wanda ke bayan tela, ƙwaryar ta karkace gero ya zube a ƙasa kaji suka taru. Ta juya baya da sauri ta fuskanci rumbu. Tanimu ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ta amsa wa rumbun. Kafaɗunta na motsi.

Can ta share fuska da bakin zane, ba ta juyo ba.

"Malam, ka tambayi baƙon naka ko ya ci wani abu a hanya."

Taku kaɗan ne tsakanin uwar da ɗan, kuma ya ji da kunnensa. Amma Maharazu ya gyara tsayuwa, ya juya wajen Tanimu, ya maimaita tambayar kalma bayan kalma yadda aka ba shi. Tanimu ya ce a gaya mata bai ci ba. Maharazu ya juya ya gaya mata. Ta ce wa Indo ta ɗora tukunya.

Tanimu bai koma Warri ba. Ya karɓi gandu ya sauke wa Mani nauyi, a gabansa Goggo ta cika bayan shekaru, har ta koma ga Allah ba ta kama sunansa ba. Ranar da aka ɗauki Maharazu, Tanimu, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, shi ya riƙe gaban makara, aka yi aka yi ya ba wani ya karɓe shi ya ƙi har bakin kabari. Allah ya yi wa Maharazu rahama, ya sa ya iske saƙonsa ya riga shi isa.